Faifan The Sacred Bridge: Abin da Kunne Ya Ji da Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Akwai wuri guda a cikin wannan faifai da na maimaita sauraronsa fiye da kowane, kuma da shi zan fara, domin a nan ƙarfin aikin yake, a nan ne kuma mai sauraro ya fi buƙatar yin hattara. Mawaƙan sun ɗauki Zabura ta 114, wadda take ba da labarin fitowar Bani Isra'ila daga Masar, da yadda teku ya gan su ya gudu, Kogin Urdun kuma ya koma da baya, suka rera ta da harsuna biyu bi da bi: aya da Latin a kan karin muryar da cocin Roma ya gada, aya da Ibrananci a kan karin muryar da Yahudawa suke rerawa a majami'arsu. Kafin a kai tsakiyar zaburar kunne ya daina lura da inda wani harshe ya tsaya wani ya karɓa, saboda muryar a wuri ɗaya take hawa, a wuri ɗaya take sauka, tamkar malami guda ne ya biya wa ɓangarorin biyu. Ranar da na fara jin wannan sai da tsigar jikina ta tashi, kuma har yanzu, bayan na saurare shi sau da yawa, bai daina taɓa ni ba.

Faifan aikin ƙungiyar Boston Camerata ne ta ƙasar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Joel Cohen. An naɗe shi a 1989, kamfanin Erato na Faransa ne ya fitar da shi, ma'anar sunansa kuwa ita ce gada mai tsarki. An kafa ƙungiyar a 1954, kuma sana'arta ita ce farfaɗo da tsofaffin waƙoƙin Turai waɗanda suka daɗe kwance a cikin rubuce-rubucen hannu ba a rera su. Cohen ya jagorance ta shekaru kusan 40, har zuwa 2008 lokacin da Anne Azéma ta gaje shi, wadda ita ma muryarta tana cikin wannan faifai. An tsara waƙoƙin kamar tafiya: a fara da kukan zaman bauta a baƙuwar ƙasa, inda ake jin Zabura ta 137 ta bakin kogunan Babila, a shiga waƙoƙin ibada, a ratsa ta wurin mawaƙa Yahudawa da suka yi waƙa da harsunan Kiristocin da suke zaune a cikinsu, sa'an nan a ƙare da Sifaniya da zuriyar Yahudawan da aka kora daga cikinta.

Sunan faifan ba Cohen ne ya ƙirƙira shi ba. Aro ne daga sanannen littafin Eric Werner, masanin kiɗa da ya daɗe yana koyarwa a Amurka, wanda ya fitar da juzu'in farko a 1959, na biyu a 1984. Da'awar Werner ita ce waƙar cocin farko daga majami'ar Yahudawa ta fito, cewa Kiristocin farko, waɗanda su kansu Yahudawa ne, sun fita da zabura da karin muryarta gaba ɗaya, kuma abin da aka sani daga baya da waƙar Girigori, wato tsohuwar waƙar ibadar cocin Roma da Latin, jikan wannan gado ne. Kafin Werner akwai Abraham Zvi Idelsohn, wanda ya zauna a Birnin Ƙudus a farkon ƙarni na 20, ya naɗi muryoyin Yahudawan Yaman da na Iraƙi da na Farisa da sauransu tsakanin 1911 da 1913, ya kuma tattara abin da ya samu a juzu'i 10 daga 1914 zuwa 1932. Hujjarsa mai jan hankali ce. Yahudawan Yaman sun yi ɗaruruwan shekaru nesa da cocin Turai, saboda haka idan aka tarar karatunsu ya yi kama da na 'yan zuhudun Faransa, a ganinsa ba yadda za a yi ɗaya ya koya daga ɗaya, sai dai a ce daga tsohon tushe guda suka sha. Wannan tunani ne faifan ya mayar da shi sauti, kuma ya yi hakan da gwaninta.

Ya kamata a ɗan yi bayanin karin muryar Latin da aka ɗora Zabura ta 114 a kai, domin ba irin sauran ba ne. A al'adar cocin Roma akwai kari takwas da ake karanta zabura da su, kuma a kowannensu murya tana miƙewa a kan sauti ɗaya daga farkon aya zuwa ƙarshenta, sai ɗan lanƙwasa a tsakiya da kuma wajen rufewa. Wannan kuwa yana da sauti biyu: rabin farko na aya ana jan sa a sama, rabi na biyu a sauko taki ɗaya ƙasa. Don haka ne aka kira shi tonus peregrinus, wato baƙon kari, ko kari matafiyi, wanda bai shiga sahun takwas ɗin ba. An saba rera wannan zabura da shi a addu'ar yammacin Lahadi, su kuma Yahudawa suna rera ta a cikin jerin zaburar yabo da suke kira Hallel, daga ta 113 zuwa ta 118, har da daren Idin Ƙetarewa. Karin ya ci sunansa na matafiyi, domin mabiya Luther a Jamus sun ɗora masa waƙar yabon da Maryamu ta yi wa Allah da Jamusanci, mai tsara kiɗa Bach ya saka shi a cikin aikinsa, Mozart ma ya yi amfani da shi a farkon waƙar addu'ar mamata da ya rasu bai kammala ba a 1791. Kari wanda ya saɓa wa dokar gidan da yake zaune, wanda kuma aka liƙa shi da zaburar fitowa daga Masar, ba mamaki masana su zaci daga wani gida ya shigo.

To, a nan ne nake rabuwa da abin da faifan yake so kunne ya yarda da shi. Kama da wane ba ta wane. An rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 Miladiyya, kuma waƙar Lawiyawa, masu hidimar Haikalin, da kayan kiɗansu ta tafi tare da shi ba tare da an rubuta karinta ba. Waƙar cocin Latin ba a fara yi mata alamomi a rubuce ba sai ƙarni na 9, waɗannan alamomi na farko kuwa tunatarwa ce kawai ga wanda ya riga ya haddace, ba sa faɗin ainihin tsayin sauti, sai a ƙarni na 11 da Guido na Arezzo ya daidaita rubutu a kan layuka. A ɓangaren Yahudawa, malaman Tibariya sun kammala alamomin karatun Attaura da sauran littattafai wajen ƙarni na 10, amma su ma alamomin suna nuna inda za a tsaya da inda za a haɗa ne, shi ya sa Bayahuden Yaman da na Folan suke kallon alama guda kowa ya karanta da muryarsa daban. Mafi yawan karin muryar majami'a da muke da su a yau daga bakin mawaƙan ƙarni na 19 da na 20 aka rubuta su. Ke nan abin da faifan ya jera kafaɗa da kafaɗa, ɗaya rubutun tsakiyar zamani ne, wato wajen ƙarni na 5 zuwa na 15 a tarihin Turai, ɗaya kuma haddar da aka kama ɗaruruwan shekaru bayan haka, kuma dukansu suna nesa ƙwarai da zamanin da ake cewa sun rabu.

Masana da suka zo bayan Werner sun matsa a kan wannan giɓi. James McKinnon ya nuna a 1986 cewa babu shaidar rera zabura a matsayin tsayayyen sashe na ibadar majami'a a ƙarnin farko, domin a lokacin majami'a wurin karatu ne da koyarwa, rera zabura kuwa aikin Haikali ne da na gida. Peter Jeffery ma, a bitar da ya yi wa juzu'i na biyu a 1987, ya nuna raunin misalai da yawa da littafin ya dogara da su. Idan kari biyu suka yi kama, hanyoyin bayani sun fi ɗaya. Yana yiwuwa gado ne daga kaka ɗaya, yana yiwuwa maƙwabci ne ya ji na maƙwabcinsa a wani ƙarni na baya ya ɗauka, kuma ɗaukar tana iya zama daga kowane ɓangare. Yana kuma yiwuwa ayar zabura ce da kanta, da yake rabi biyu take zuwa, take tilasta wa duk mai karanta ta da murya ya ɗaga a farko, ya numfasa a tsakiya, ya sauke a ƙarshe. Ga kuma wani abin da ba kasafai ake faɗa ba: zabura guda tana da kari da yawa a al'ummomin Yahudawa daban-daban, kuma wanda yake shirya faifai irin wannan dole wanda ya fi dacewa da na Latin zai zaɓa. Wannan ba ha'inci ba ne, haka ake shirya waƙa, amma mai sauraro ya san cewa zaɓi ne aka yi masa. Abin da babu gardama a kansa shi ne gadon kalmomi. Zaburar kanta, da Amin, da Halleluya, da Hosanna, da ayar Ishaya mai cewa mai tsarki har sau uku, wadda ake rerawa a coci da majami'a har yau, duk waɗannan salsalarsu a fili take. Salsalar karin murya ce ta yanke a hanya.

Saboda haka waƙar da na fi ɗauka da nauyi a faifan ba Zabura ta 114 ba ce, duk da cewa ita ta fi daɗi. Ita ce yabon Annabi Musa da ake kira Mi al har Horev, wanda ya zo mana da rubutun hannun Obadiya, kuma a ganina wannan waƙa kaɗai ta isa dalilin mallakar faifan. An haifi mutumin nan wajen 1070 a garin Oppido da ke kudancin Italiya, sunansa na yanka Yohanna, ɗan wani jarumi ne daga cikin Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka mamaye kudancin Italiya. Ya tashi cikin karatun coci, ya iya Latin, ya iya rubuta waƙa da alamomin da ake amfani da su a yankinsu. A 1102, shekaru kaɗan bayan yaƙin 'yan Salibiyya na farko, wanda a kan hanyarsa aka karkashe Yahudawan garuruwan bakin Kogin Rhine, ya bar addinin iyayensa ya shiga Yahudanci, ya ɗauki sunan Obadiya, ya bar Turai ya yi ta tafiya, Bagadaza, Halab, har ya isa Masar. Gutsattsarin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da Ibrananci sun tsira ne a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba duk takardar da ba a son wulaƙanta ta saboda sunan Allah da ke jikinta. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kwashe takardun zuwa ɗakunan karatu na Turai da Amurka, kuma sai a tsakiyar shekarun 1960 ne Norman Golb da Alexander Scheiber, kowa a nasa binciken, suka gane cewa hannun da ya rubuta wasu 'yan takardu masu alamomin waƙa hannun Obadiya ne.

A tsaya a dubi abin da ke kan wannan takarda. Baitocin Ibrananci ne, kowane yana rufewa da cewa babu kamar Musa, a samansu kuma ga alamomin karin murya irin na cocin kudancin Italiya, amma an juya su suna tafiya daga dama zuwa hagu domin su bi harshen da suke ɗauke da shi. Waɗannan takardu suna cikin mafi daɗewar rubutun karin muryar waƙar Ibrananci da aka taɓa samu, kuma wanda ya yi su mutum ne da ya koyi sana'ar a coci. Wasu masana suna ganin shi ya tsara karin da kunnen da ya taso da shi, wasu suna ganin abin da ya ji a majami'un gabas ne ya rubuta, amma ko wanne ne, a nan ba hasashe ake yi ba, ga mutum da sunansa da shekararsa da rubutunsa. Mawaƙan sun rera shi cikin natsuwa, ba gaggawa, ba ado mai yawa, suka bar kalmar da ake maimaitawa a ƙarshen kowane baiti ta riƙa dawowa har ta zauna a zuciya. Idan ana neman gadar da ta haɗa waƙar coci da ta majami'a wadda za a iya nunawa da yatsa, to ga ta, mutum ɗaya ne ya haye ta da abin da ya sani a kansa.

Da an tambaye ni abin da ya kamata faifan ya ƙara ƙarfafawa, da na ce wannan aro na zaman tare, wanda hujjojinsa sun fi na gadon Haikali ƙarfi nesa ba kusa ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A garuruwan Jamus na tsakiyar zamani unguwar Yahudawa sau da yawa ba ta da nisa da babban coci, kuma sauti ba ya tsayawa a bakin katanga. Littafin Sefer Hasidim, wanda ake jingina wa Yahuda Hasid da ya rasu a 1217, ya yi hani ga Bayahude ya koya wa limamin coci karin muryar ibada, ya kuma yi hani ga ɗaukar karin coci a yi yabon Allah da shi. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa, saboda haka hanin kansa shaida ne cewa ana ba da kari ana karɓa ta ɓangarorin biyu. Misali mafi shahara shi ne waƙar Maoz Tzur da ake rerawa a idin Hanukka, wadda baitocinta na Ibrananci ne daga Jamus, amma sassan karinta sun yi daidai da waƙoƙin Jamusanci na ƙarni na 15 da na 16, ciki har da karin da aka ɗora wa wata waƙar ibada ta Martin Luther ta 1523. A nan akwai darasin da ya fi batun wa ya ara daga wa, domin sau da yawa coci da majami'a duk daga wuri na uku suka ɗebo, wato waƙar kasuwa da ta biki da kowa yake ji a kan titi.

Sashen mawaƙan fada gajere ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Akwai Mahieu, wanda ake wa laƙabi da Bayahude, mawaƙin arewacin Faransa na ƙarni na 13, wanda a waƙarsa yake cewa ya bar addininsa saboda son wata mace, ita kuma ta saka masa da wulaƙanci. Karin wannan waƙa ya tsira a rubuce. Akwai kuma Süsskind na Trimberg, wanda aka zana shi sanye da hular da aka san Yahudawa da ita a cikin babban kundin waƙoƙin Jamusanci na Manesse da ke Heidelberg, yana kukan talauci da rowar masu mulki. Kundin nan baitoci kawai ya ƙunsa, babu alamar karin murya ko ɗaya a ciki, don haka duk karin da aka ji an rera Süsskind da shi a yau, na wannan faifai ko na wani, ɗora masa aka yi. Waƙoƙin biyu ba na ibada ba ne, amma sun yi amfani, domin sun nuna cewa Bayahuden wancan zamani yana iya ƙwarewa a salon maƙwabtansa har su adana waƙarsa a kundinsu.

Inda na fi samun damuwa shi ne kashin ƙarshe, wanda kuma shi ne ya fi armashi ga kunne. An haɗa waƙoƙin yabon Maryamu na fadar Sarki Alfonso na 10, wanda ya mulki Kastil a Sifaniya daga 1252 zuwa 1284, da waƙoƙin Yahudawan Sifaniya, ana fita daga wannan a shiga wancan da ganga da sarewa da kayan tsirkiya, har mai sauraro ya ji kamar a dandali ɗaya aka rera su da yamma ɗaya. Waƙoƙin Alfonso sun haura 400, kuma karinsu yana nan a rubuce tun ƙarni na 13. Na Yahudawan kuwa da baki suka yi ta yawo bayan korar 1492, a Salonika da Istanbul da Izmir da garuruwan Maroko, ba a rubuta karin yawancinsu ba sai ƙarni na 20, kuma bincike ya nuna cewa da yawa daga cikinsu sun ɗauki salon kiɗan Daular Usmaniyya da na ƙasashen da aka zauna, wasu ma ba su wuce ƙarni na 19 ba. Harshen na Sifaniya ne, amma muryar ta sha ruwan wasu ƙasashe. Jera su da waƙoƙin Alfonso yana sa su zama kamar tsararraki alhali ba haka ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Gaskiya ne fadar Alfonso ta ɗauki malamai Yahudawa aikin fassara littattafan ilimin taurari daga Larabci, amma a cikin waƙoƙin Maryamun nan akwai waɗanda suke zana Bayahude a matsayin maƙiyi, kamar wadda take ba da labarin uban da ya jefa ɗansa cikin tanderu saboda yaron ya karɓi jibin coci. Dokokin da aka tattara da sunan sarkin nan ma sun umarci Yahudawa su sa alamar da za ta bambanta su, bin sahun hukuncin babban taron coci na Lateran na 1215. Faifan bai ɓoye baƙin ciki gaba ɗaya ba, tunda da kukan zaman bauta ya buɗe, kuma koken Süsskind yana nan, amma ƙarshensa mai daɗi yana iya sa mutum ya tashi da zaton cewa musayar waƙa alama ce ta zaman lafiya. Tarihi ya nuna mutane suna iya rera karin juna a shekarar da ɗaya yake korar ɗaya daga gari, kuma na fi ganin girman wannan kiɗa idan an saurare shi da sanin hakan.

Da yake faifan ya tsaya ne a tsakiyar zamani, bai kai ga aron da ya fi kowane tabbata ba, kuma ba zan ɗora masa laifin wannan ba, sai dai mai sauraro zai amfana idan ya san su. A Venice, Benedetto Marcello, Kirista ɗan gidan sarauta, ya rubuta karin muryar da Yahudawan garin suke rerawa, ya gina wasu daga cikin zabura 50 da ya wallafa tsakanin 1724 da 1726 a kansu, ya kuma bayyana inda ya samo su. A Landan wajen 1770 Thomas Olivers, mai wa'azi daga mabiya Wesley, ya shiga Babbar Majami'a ta Duke's Place ya ji Meyer Lyon, wanda aka fi sani da Leoni, yana rera Yigdal, waƙar da ta taƙaita shika-shikan imani 13 na malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Ya ɗauki karin ya ɗora masa baitocin Turanci na yabon Allahn Ibrahim, kuma har yau a littattafan waƙoƙin coci sunan Leoni karin yake amsawa. A Vienna kuma, a 1828, shekarar da ya rasu, mai tsara kiɗa Schubert ya tsara Zabura ta 92 da Ibrananci domin Salomon Sulzer, babban mai ba da waƙa na majami'ar garin. A duk waɗannan an san mai bayarwa, an san mai karɓa, an san shekara.

Ta fuskar rerawa kuwa yabo ya fi yawa. Muryoyin a sake suke, babu irin karkarwar da mawaƙan manyan ɗakunan wasa suke sa wa murya, kuma hakan ya dace da waƙar da asalinta addu'a ce. Kalmomi suna fita sarai a harsuna da dama, Latin da Ibrananci da tsohon Faransanci da tsohon Jamusanci da harshen Galisiya da Sifaniyancin Yahudawa, kuma ana jin cewa mawaƙan sun san ma'anar abin da suke faɗa, ba haddar sauti kawai suka yi ba. Naɗin ma ya jure wa shekaru, domin duk da cewa ya haura shekara 30, murya ba ta nutse a ƙarƙashin kayan kiɗa ba. Sai dai a san cewa rubutun tsakiyar zamani layin murya ɗaya yake bayarwa, saboda haka duk kiɗan da aka ji yana raka waƙa shawarar masu shiryawa ce, kamar yadda a ibadar majami'a ta gargajiya ba a kaɗa komai ranar Asabar, waƙar Girigori ma da murya zalla aka san ta. Na fi jin daɗin faifan a wuraren da aka rage kayan kiɗa aka bar murya ta yi aikinta.

Ina ba da shawarar wannan faifai ga duk mai sha'awar tarihin addinan nan biyu, da ɗalibin kiɗa, da malamin da yake neman abin da zai kunna wa ɗalibai kafin ya buɗe muhawara, domin minti kaɗan na Zabura ta 114 za su tayar da tambayar fiye da shafuka masu yawa na bayani. Wanda yake neman tabbacin cewa ga yadda Lawiyawa suka rera a Haikali ba zai same shi a nan ba. Ya fi kyau a saurare shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, da matanin zaburar a buɗe a gaba, domin an tsara shi ne a matsayin tafiya guda, kuma tsinto waƙa ɗaya daga tsakiya yana rage masa ƙarfi. A sauraro na biyu kuma a fara da waƙar Obadiya kafin a koma ga zaburar, domin idan kunne ya riga ya ji aron da yake da suna da shekara, zai fi iya auna wanda kamanni kawai yake da shi.